Tafiyar ƙafa da kwana a tanti a tsaunukan Amurka a ƙarshen Afrilu: ina ya dace a fara?

“Assalamu alaikum. Mu huɗu ne, dukkanmu ’yan Arewa, muna aiki a birnin Baltimore na Amurka. Mun ɗauki hutun kwana takwas a makon ƙarshe na Afrilu, kuma muna so mu zagaya gandayen dajin da ke kan tsaunuka da ƙafa, mu riƙa kwana a tanti. Hotunan Rocky Mountain da Glacier ne suka ja hankalinmu. Babu wanda ya taɓa kwana a daji a ƙasar nan a cikinmu. Ina ya kamata mu nufa, me za mu tanada, kuma wane haɗari ne ba mu sani ba?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Idan na fahimce ka da kyau, abu uku kake nema: wurin da ya dace da wannan mako, kayan da za ku ɗauka, da abin da zai iya yi muku lahani tun da ba ku saba ba. Na daɗe ina irin wannan tafiya a tsaunukan gabashin Amurka, ina kuma yi wa sababbin shiga rakiya, saboda haka zan haɗa maka abin da idona ya gani da abin da hukumar kula da gandayen dajin ƙasar ta shimfiɗa. Zan fara da abin da mai yiwuwa ba zai yi muku daɗin ji ba: ku jingine maganar Rocky Mountain da Glacier zuwa Yuli ko Agusta. Hotunan nan masu koren ciyayi da shuɗin tafki kusan duk a tsakiyar lokacin zafi ake ɗaukarsu. A ƙarshen Afrilu, sa’ad da itatuwan Baltimore suka gama fure mutane suka tuɓe rigunan sanyi, waɗannan wurare suna nan kwance ƙarƙashin dusar ƙanƙara.

Tsayin wuri ne ke yanke yanayinsa

Zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6.5 a ma’aunin Salshiyas a duk mita 1,000 da aka hau. Duk wanda ya taɓa tasowa daga Akwanga cikin gumi, ya bi ta Hawan Kibo, ya iso Jos yana lalube rigar sanyi, ya riga ya san wannan a jikinsa, alhali Jos ba ta wuce kimanin mita 1,200 ba. To, tafkin Bear Lake, inda yawancin baƙi ke soma tafiya a gandun Rocky Mountain na jihar Kolorado, yana kan mita kusan 2,900 ne, titin Trail Ridge da ya ratsa gandun kuwa ya kai mita 3,713, kuma ba a buɗe shi sai wajen ƙarshen Mayu, shi ma idan yanayi ya yarda. Maris da Afrilu ma suna cikin watannin da dusar ƙanƙara ta fi zuba a wannan yanki, wato kuna iya isa ku tarar ana sabon zubi.

Bayan tsayi akwai nisan wuri zuwa arewa. Mashigar Logan Pass da ke gandun Glacier tana kan mita 2,026, ƙololuwar Kuwohi da ke gandun Great Smoky Mountains kuma tana kan mita 2,025, tsiransu mita ɗaya tak. Amma titin Kuwohi a farkon Afrilu ake buɗe shi, shi kuwa na Logan Pass sai ƙarshen Yuni ko cikin Yuli motocin kwashe ƙanƙara ke gama share shi, domin Glacier yana kan iyakar Kanada ne a jihar Montana, Smoky kuwa yana can kudu tsakanin Tenesi da Karolina ta Arewa. Haka abin yake a Yosemite na Kalifoniya: kwarinsa a buɗe yake, ruwan da ke zubowa daga duwatsunsa ma a Mayu ya fi ƙarfi, amma titin Tioga da ke kai mutum sama a rufe yake, kuma a 2023 sai da Yuli ya yi nisa kafin a buɗe shi.

Ga mai tafiya da ƙafa, illar dusar ƙanƙara ta wuce sanyi. Tana binne hanya da alamominta, sai mutum ya bi sawun wani wanda shi ma ɓata ya yi. Da sassafe takan daskare ta zama santsi a kan gangara, da hantsi kuma ta yi laushi ƙafa ta riƙa nutsewa har gwiwa, ta yadda tafiyar awa ɗaya za ta cinye awa uku. Akwai kuma zaftarewarta daga saman dutse, wadda ke kashe har ƙwararru. Ƙari a kan haka, yawancin wuraren kafa tanti a can a rufe suke a wannan lokaci. Tafiya irin wannan fanni ne mai zaman kansa, da kayansa da horonsa, ni ma ban ƙware a kansa ba, kuma ba zan tura wanda bai taɓa kwana a tanti ba ya fara da shi.

Maganar sikila, kafin a hau ko’ina

Akwai abin da littattafan jagorar baƙi ba su cika ambata ba, amma ya shafe mu kai tsaye. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da rukunin jini na AS, kuma da yawanmu ba mu ma tuna da shi sai an zo maganar aure. Mai AS yakan yi rayuwarsa lafiya lau, sai dai idan ƙarancin iskar shaƙa a wuri mai tsayi ya haɗu da wahalar jiki da ƙishirwa, jini na iya toshewa a saifa. A 2007 wani ɗan wasan ƙwallon Amurka mai suna Ryan Clark, wanda ke da AS, ya kamu da wannan bayan wasa a birnin Denver na jihar Kolorado, har ta kai an cire masa saifa, kuma Denver a kan kimanin mita 1,600 kawai take. Wato ko ƙololuwar Smoky ta fi ta tsayi. Don haka kowannenku ya san rukunin jininsa kafin a tashi. Mai AS ya hau sannu a hankali, ya yawaita shan ruwa, kuma idan ya ji ciwo mai tsanani a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, a sauko da shi nan take a nufi asibiti, a kuma gaya wa likita rukunin jininsa. Idan akwai mai SS ko SC a cikinku, to ni ba likita ba ne, kuma kada ya ɗauki jaka sai likitansa ya amince, domin sanyi kaɗai ya isa ya tayar masa da ciwo.

Inda nake ganin ya dace da ku

Gandaye biyu ne suka yi daidai da lokacinku da kuma inda kuke zaune, wato Shenandoah a jihar Bajiniya da Great Smoky Mountains. Dukansu a kan jerin tsaunukan Appalachian suke, kuma da motarku za ku je. Wannan ma sauƙi ne babba, tun da ba a yarda a shiga jirgin sama da gwangwanin gas na girki ba, kuma kayan zango na mutum huɗu ba ƙaramin lodi ba ne.

Ku fara da Shenandoah, kwana uku. Daga Baltimore zuwa ƙofarsa ta arewa a garin Front Royal tafiyar kimanin awa biyu ce, daga nan titin Skyline Drive mai tsawon kilomita 169 ya bi ta kan doron tsaunin har ƙarshensa. Kuɗin shiga dala 30 ne ga mota ɗaya na mako guda. Akwai katin shekara na dala 80 ga mazauna Amurka, amma ba zai biya kansa ba sai idan kuna da niyyar shiga wasu gandayen cikin shekarar. Ku kama wuri a zangon Big Meadows da ke tsakiyar gandun, inda akwai famfo da banɗaki da wurin wanka, kuma motarku tana gefen tantinku. Wannan shi ne makarantarku: a nan za ku koyi kafa tanti cikin iska, ku gane ko buhun barcinku, wato bargon da ake shiga cikinsa a zuge, ya isa, kuma idan dare ya yi tsanani mota tana nan a shiga a kunna ɗumi. Big Meadows yana kan mita sama da 1,000, saboda haka kada ku yi mamaki idan kun baro kwari kore shar kuka tarar da itatuwan sama ba ganye. Ma’aikatan gandun sukan ce koren yana hawa tsaunin da kimanin mita 30 a kowace rana, sai ƙarshen Mayu yake gama rufe doron. Rashin ganyen ma yana da amfaninsa, domin ido yana kaiwa nesa.

Rana ta farko ku taka kaɗan, ku gangara zuwa magangarar ruwa ta Dark Hollow da ke kusa da zango, ku ji yadda sabon takalmi ke zama a ƙafa. Ta biyu ku hau Hawksbill, ƙololuwar gandun mai mita 1,235, wadda hawanta gajere ne daga bakin titi. Tabbas za a ba ku labarin Old Rag, domin shi ne dutsen da ya fi suna a wurin. Zagayensa kimanin kilomita 15 ne, wani ɓangarensa da hannu da ƙafa ake hawa ta cikin tsagar duwatsu, ana buƙatar tikitin yini da ake saya ta intanet tun daga Maris har ƙarshen Nuwamba, kuma ba ta kan Skyline Drive ake shiga ba, sai an sauka an zagayo ta gabashin gandun. Ra’ayina shi ne ku hau shi a rana ta uku idan gari ya waye a bushe kuma kowa ƙafarsa lafiya. Idan an kwana ana ruwa, ku bar shi, domin jiƙaƙƙen dutse yana da santsi, yana kuma iya karya ƙafa.

Rana ta huɗu ta tuƙi ce. Titin Blue Ridge Parkway mai kilomita 755 ya haɗa gandayen biyu, kuma yana da kyau ƙwarai, amma tafiyarsa a hankali ce ta kwana biyu ko uku, sannan guguwar Helene ta Satumban 2024 ta lalata sassansa da dama a Karolina ta Arewa. Ku bi babban titin 81, ku isa cikin awa shida zuwa bakwai, da sauran rana a sama. Wanda ya taɓa kafa tanti cikin duhu da ruwan sama ba ya so ya maimaita.

Great Smoky Mountains, wanda aka kafa a 1934, shi ne gandun da ya fi karɓar baƙi a Amurka, sama da mutum miliyan 12 a shekarar 2024. Ba a biyan kuɗin shiga, amma tun daga Maris na 2023 duk motar da za ta tsaya fiye da minti 15 sai ta liƙa takardar ajiye mota, dala 5 na yini ko dala 15 na mako, kuma katin shekarar nan bai ɗauke muku wannan ba. Zangon Elkmont ya fi kusa da hanyoyin da zan ambata, Cades Cove da Smokemont su ma suna da kyau, sai dai ku sani babu wurin wanka a cikinsu. Ana kama wuri ta shafin Recreation.gov tun wata shida kafin ranar, kuma ƙarshen Afrilu lokacin furanni ne da jama’a ke tururuwa, domin gandun yana da nau’in tsirrai masu fure sama da 1,500. Kama wurin shi ne abin da za ku fara yi da zarar kun gama karanta amsar nan, tun kafin sayen ko da safa.

Babbar tafiyarku a nan ita ce hawan Mount LeConte ta hanyar Alum Cave, kuma ita ce za ta nuna muku duk abin da na faɗa game da tsayi a cikin yini guda. Ana farawa daga bakin titi a kan mita kusan 1,170, a bi gefen rafi cikin duhuwar itatuwa, ana tsallake gadojin gungumen itace guda mai madogara a gefe ɗaya. Can sai hanya ta kutsa ta cikin ramin wani dutse a kan matakala, ta fito ta miƙe sama zuwa wani ƙaton dutse da ya yi rumfa, inda yawancin masu yara ke cin abinci su juya. Daga nan hanyar takan ƙuntata, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya, da wayar ƙarfe da aka kafe a jikin dutsen don riƙewa. A lungunan da rana ba ta kaiwa, ruwan da ke tsatsowa yakan daskare a kan hanya ko a Afrilu, sai ka ga mutumin da ya taso daga ƙasa da ’yar shara da gajeren wando ya tsaya yana karkarwa, ya rasa gaba ya rasa baya. Ƙololuwar tana kan mita 2,010, zuwa da dawowa kuma kusan kilomita 18 ne.

Ga yadda ake ƙiyasta lokaci. Wani mai hawan tsauni ɗan Sikotilan, William Naismith, ya kawo wani lissafi a 1892 da har yau ake aiki da shi: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A kan LeConte wannan ya ba da kimanin awa biyar, amma lissafin na ƙaƙƙarfan mutum ne da ba ya tsayawa. Ni nakan ƙara rabin adadin ga sababbin shiga, wato awa bakwai zuwa takwas, har da salla da abinci. Rana takan faɗi wajen ƙarfe takwas a wannan lokaci, don haka ku tashi bayan asuba, wanda dama shi zai sa ku samu wurin ajiye mota. Ku kuma tsayar da lokacin juyawa tun kuna ƙasa, misali ƙarfe biyu, kuma idan ya yi, a juya ko an kai ko ba a kai ba. Tafiyar ayari ta mafi rauninsa ce, shi za a sa a gaba.

Kwana a can cikin daji, nesa da mota, ku yi shi dare ɗaya kawai a ƙarshen tafiyar, a zangon da ke ƙasa-ƙasa wanda bai fi kilomita 6 ko 7 daga titi ba. Ana buƙatar takardar izini, dala 8 ga kowane mutum a kowane dare, ana kama wuri tun kwana 30 kafin ranar, kuma ba a kafa tanti sai a inda aka ware. Ku guji rumfunan da ke kan hanyar Appalachian Trail, domin a Maris da Afrilu ne masu taka hanyar gaba ɗaya daga Jojiya zuwa Maine ke ratsa gandun, rumfunan a cike suke, kuma a kan doron tsauni suke inda sanyi ya fi cizo. Ku bar rana ta takwas ga komawa gida, tuƙin kusan awa tara ne.

Jiƙewa ta fi ƙanƙara haɗari

Abin da na fi ji muku tsoro a wannan tafiya shi ne ruwan sama mai haɗe da iska a digiri 4 ko 5. Saman Smoky yana samun ruwan da ya haura milimita 2,000 a shekara, kuma hazo kan sauko ba sallama. Idan tufafi suka jiƙe, jiki yana zubar da ɗuminsa da sauri fiye da yadda yake samar da shi, ko da ruwa bai daskare ba. Alamun sukan fara da karkarwa, sai hannu ya kasa zuge zif, sai magana ta riƙa sarƙewa, mutum ya riƙa tuntuɓe yana cewa shi lafiyarsa ƙalau. Shi ba zai gane ba, ku ne za ku gane masa. A tsaya, a kare shi daga iska, a cire jiƙaƙƙun kaya a sa busassu, a shigar da shi buhun barci, a ba shi shayi mai zaƙi idan yana iya haɗiya. Idan ya fara ruɗewa ko karkarwar ta tsaya alhali bai ji ɗumi ba, abin ya wuce ku, a nemi agaji ta lambar gaggawa, 911.

Maganin wannan a tufafi yake. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, saboda haka singileti da wandon jins da shadda duk su zauna a mota. A jiki a sa riga ta ulu ko ta zaren roba mai saurin bushewa, a ɗora mai kauri a kai, sannan rigar ruwa ta gaske mai hula, da wandonta. Hular sanyi da safar hannu su kasance a jaka ko da an tashi da rana. A ware kaya guda na barci da safa a ƙulle cikin leda, kada a taɓa su sai an shiga tanti. Buhun barci ya zama wanda aka rubuta yana ɗaukar digiri 5 ƙasa da sifili, kuma kada a raina shimfiɗar da ke ƙarƙashinsa, domin ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin mai barci. Takalmi kuwa a saye shi yanzu, a riƙa zuwa aiki da shi, in ba haka ba bororo zai gama da ƙafa tun rana ta biyu. Ba lallai ku sayi komai sabo ba, akwai shagunan da ke ba da hayar tanti da buhun barci, amma ku kafa tantin sau ɗaya a gida ku tabbatar sandunansa sun cika. Kowa ya riƙe tocilar goshi tasa, a sami taswirar takarda da kamfas, domin waya ba ta samun sabis a yawancin gandayen biyu, kuma sanyi yana shanye batir. Ku bar wa wani a Baltimore takarda mai ɗauke da hanyar kowace rana, lambar mota, da lokacin da zai kira hukuma idan bai ji daga gare ku ba.

Abinci, ƙamshi da beyar

Baƙaƙen beyar, wato wasu manyan dabbobin daji masu gashi da farata, suna da yawa a gandayen biyu, a Smoky kaɗai an ƙiyasta kusan 1,900, kuma a wannan lokaci sun fito daga barcin hunturu da yunwa, matan da ’ya’ya a bayansu. Ba farautar mutum suke yi ba, abincinsa suke bi, kuma hancinsu yana jiyo abin da namu ba ya ji. Doka ta hana kusantarsu ƙasa da yadi 50, wato kimanin mita 46. Idan kun yi kiciɓis, kada kowa ya ruga, ku haɗu wuri ɗaya, ku yi magana da ƙarfi, ku ja da baya a hankali kuna fuskantarsa. Idan ya biyo ku, ku ɗaga hannuwa ku yi ihu ku jefe shi, idan kuma ya kai hari a rama da duk abin da ke hannu. Shawarar nan ta kwanciya kamar matacce ta shafi wani nau’in ne da ke yammacin ƙasar, babu shi a inda za ku.

A zangon mota, duk abinci ya kwana a but ɗin mota, gilasai a rufe. A cikin daji kuwa, kowane zango a Smoky yana da wayoyin ƙarfe da aka ɗaure sama tsakanin itatuwa. Kafin duhu za ka tattara komai a jaka ɗaya, ka kwance wayar daga jikin itace, ka saƙala jakar a ƙugiya, ka ja har ta yi sama tana reto, sannan ka mayar da wayar ka maƙale. A nan ne nakan tsaya in sa kowa ya zazzage aljihunsa, domin mutanenmu sukan rataye shinkafa da nama su kwanta da kwalbar turare, man shafawa, man goge baki da ragowar dabino a cikin tanti. Duk abin da ke da ƙamshi a wajen beyar abinci ne. Ina matsa wa mutane a kan wannan ne saboda dabbar ma, domin wadda ta saba da abincin mutane takan zama mai haɗari, ƙarshenta kuma ma’aikata su kashe ta.

Abincinmu na gida ya dace da wannan tafiya fiye da yawancin na kanti: garin kwaki da sukari da madarar gari, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dabino, dambun nama, taliya mai saurin dahuwa, da shayi. Naman dai a haɗa shi a nan ko a saya a shagon halal, tun da ba a yarda a shigo da nama daga gida ba. Busasshen abincin leda da ake sayar wa masu zango yana da sauƙi, amma a karanta jikinsa, da yawa akwai alade a ciki. Ku dafa a kan ƙaramin rishon gas, a waje, ba a cikin tanti ba ko ana ruwa, domin hayaƙinsa marar wari yana kisa. Itacen wuta kuma kada ku ɗauko daga Baltimore, ana karɓar wanda aka gasa aka buga wa hatimi ne kawai, saboda ƙwarin da ke kashe itatuwan dajin. Ruwan rafi komai haskensa sai an tace ko an tafasa shi minti ɗaya cur, don akwai ƙwayoyin da ke sa gudawa ta makonni.

Salla da tsarki

Alƙibla daga wannan yanki arewa maso gabas take, ku duba adadin digirinta tun kuna da intanet ku rubuta a bayan taswira, kamfas ya ƙarasa sauran. Ruwan rafin Afrilu yana sa hannu ya sandare, don haka idan kun ɗora ruwan shayin asuba ku ƙara kaɗan a sirka na alwala, a goge jiki sosai a mayar da safa nan da nan. Buta tana da amfani ƙwarai, sai dai wurin amfani da ita shi ne abin lura: a yi nisan aƙalla mita 60 daga rafi da hanya da zango, a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, a yi tsarki a kansa, a rufe. Rafin da ya wuce ta gabanku daga shi wani zai sha a ƙasa. Hukuncin ƙasaru da haɗa salla da shafa a kan huffi kuwa ba fagena ba ne, ku tambayi malaminku tun kafin tafiya, ku kuma bayyana masa irin takalmin da safar da za ku sa.

Rafi da kaska

Nutsewa a ruwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe baƙi a Smoky. Rafin da kuka tsallake da safe a kan duwatsu yana iya zama wani abu daban da yamma idan an yi ruwa a saman tsauni, ko da ɗigo bai taɓa ku ba. Ƙa’idata ita ce, idan ruwa mai gudu ya wuce gwiwa, ba a shiga, a jira ya sauka ko a koma. Idan za a ratsa, a bar takalmi a ƙafa, a kwance ɗamarar jaka don a iya yar da ita, a dogara da sanda, a fuskanci inda ruwan ke fitowa, mutum ɗaya bayan ɗaya. Kada kuma kowa ya hau duwatsun magangarar ruwa don ɗaukar hoto, gansakukan da ke kansu ba ya ba ƙafa mariƙa.

Macizai masu dafi iri biyu ne a wurin, kuma duba inda za a sa hannu da ƙafa ya wadatar. Kaska ce ta fi cancantar kulawa, musamman a Shenandoah, domin tana ɗauke da cutar Lyme, kuma ƙaramarta ba ta fi ɗigon biro girma ba, ga ta da wuyar gani a baƙar fata. A fesa wa tufafi da takalmi maganin permethrin kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a cusa ƙafar wando cikin safa, kuma kowane dare a duba jiki da tocila da tafin hannu, musamman bayan gwiwa, matsematsi, hammata da bayan kunne. Yawanci sai ta wuce yini guda a maƙale kafin ta sa cutar, shi ya sa binciken dare ke da amfani. Idan an same ta, a kama kanta da hantsaki dab da fata a ja a miƙe, ba a ƙona ta ba a shafa mata mai. Bayan kun dawo kuma, idan zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi ko wani tabo mai faɗaɗa ya bayyana a cikin wata guda, kada a ce maleriya ce a haɗiyi maganin da aka zo da shi daga gida. A je asibiti, a gaya wa likita cewa an kwana a dajin Bajiniya da kuma ranakun da aka yi a can.